Kundin da Na Bari a Ɗakin Inna

Gwaram, 3 ga Agusta, 1993

Yaya Barau,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da matarka Kubra. Yaya damina, yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, raina a ɓace yake. Sati uku ke nan ina aiko Badaru direba ya karɓo mini kundina, kullum sai ya dawo ya buɗe mini hannu, wai ka ce sai wani satin. Haba! Tsakanin Birnin Kudu da Gwaram teku ne? Kwali ne guda a ɗakin Inna, bayan gado. Na kawo shi gida ne don gara ta addabi ɗakina na nan, ba don na ba ku kyauta ba.

Ran ashirin ga wata zan miƙa shi ga Malam Abdurra'uf, mai duba aikina a kwaleji, kuma sai an buga shi da tafireta tukuna. In ranar ta wuce, sai baɗi. Shekara guda cur zan ƙara ina kallon waɗanda muka fara tare suna karɓar takardar shaida. Kwafi ɗaya gare ni, rubutun hannu.

Na san dariya kake mini, wai shafi tamanin a kan kalmar Turanci ɗaya, "must". To ka sani, shekara biyu na yi ina tara yadda ɗalibaina suke amfani da ita. Duk sun san ta wajen tilas, kamar a ce dole ka zo makaranta. In an sa mata "not" ta zama hani, su kuwa sai su ɗauka cewa ake ba dole ba ne. Akwai kuma amfaninta na uku da ba wanda ya koya musu: ka ga ƙasa a jiƙe ka ce lalle an yi ruwa, alhali ba ka ga ruwan ba. Jimla ɗari uku na tara, na yaran Gwaram da na Farin Dutse, wasunsu yanzu sun gama sun watse. A ina zan sake samun su?

Ka ba Badaru ran kasuwa, don girman Allah. Ka gaida Inna da kyau.

Ƙanwarka,
Nasiha

Gwaram, 10 ga Agusta, 1993

Yaya Barau,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka don dai gaisuwa wajibi ce. Da fatan Inna tana lafiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na ga 'yar takardarka mai layi biyu. Wai takardun sun shiga wuta, in yi haƙuri. Shi ke nan? Ƙafa gare su da suka taka suka shiga? A tsaye na karanta a ƙofar aji.

Ba ka faɗi suna ba, amma ni ba yarinya ba ce. Da idona na ga Kubra bara da damina tana hura wuta da tsofaffin takardun jarrabawata, don itace ya jiƙe. Na yi mata magana ta yi dariya. Lalle ita ce, ko shakka ba na yi. Wahalar shekara biyu ta tura ƙarƙashin tukunya don tuwo ya nuna da wuri! Mace ba ta san darajar alƙalami ba, ba kuma za ta tambaya ba? Ka karanta mata wannan, kada ka rage harafi ɗaya: ban yafe ba, kuma duk tuwon da aka tuƙa da takarduna Allah ya isa.

Kai ma ba ka fita ba. Sati uku kana ja mini rai kana ɓoyewa, da ka faɗa tun farko da na san abin yi. Ina nan tafe ran Juma'a.

Nasiha

Gwaram, 16 ga Agusta, 1993

Yaya Barau,

Assalamu alaikum. Na dawo lafiya. Ina fatan kai ma ka dawo lafiya daga tafiyar gaggawar da ta taso maka zuwa Kangire daidai ranar da ka san zan zo. Sannu da ƙoƙari, jarumi!

Tunda ka gudu, bari in ba ka labarin abin da ka bari. Ko mayafi ban cire ba na tsaya tsakar gida na wanke Kubra tas, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Baiwar Allah tana riƙe da muciya, tana ta hawaye. Sai Inna ta kira ni ɗaki, tana mamakin abin da ya haɗa mu. Da na ambaci kwalin, ta ba ni labari da bakinta, har da murmushinta.

Rufin da na roƙe ka ka gyara tun bazara, shi ya yi yoyo ya jiƙa kwalin. Kai ka shanya takardun a tsakar gida, ka danne da 'yan duwatsu, ka tafi tasha hira. Iska ta watsa su. Inna ta fito ta ga kaji da akuya suna tattaka su cikin caɓi. Ka san al'adata, kowane shafi na fara sai na rubuta Bisimilla da Larabci a samansa. Inna ba ta san boko ba, amma wannan ta san ta. Da ciwon ƙafarta ta bi su ɗai-ɗai ta tsince, ta ƙona, ta binne tokar a gindin bango inda ba a takawa. Ta ce ta tsare mini sunan Allah, kada alhakin ya hau kaina. A zatonta tsofaffin takardu ne da na gama da su.

Ka san duk wannan, Yaya. Ka sani, ka zauna ka karanta wa matarka wasiƙata harafi da harafi, ka bar ta ta sha Allah-ya-isa a kan abin da ba ta yi ba. Ita ta rufa wa Inna asiri, kai kuwa kanka ka rufa wa. Wallahi na fi jin zafin wannan a kan kundin. Ni ma da laifina: na ji an ce wuta na yanke hukunci, ni da nake koya wa yara bambancin abin da aka gani da abin da aka zata. Na durƙusa na roƙi Kubra gafara, ta ce ba komai, amma har na taho ba ta haɗa ido da ni ba.

Shafi ɗaya ya tsira. Shi kaɗai ne babu Bisimilla a kansa, don a gurguje na rubuta shi ranar da zan kawo kwalin. Inna ta busar da shi ta naɗe mini a ɗankwali. Shafin sadaukarwa ne. Da Turanci na rubuta cewa na sadaukar da wannan aiki ga mahaifiyata Hadijatu, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, amma ta koya mini fara komai da sunan Allah. Ta tambaye ni me aka rubuta, ko mai amfani ne. Na ce mata lissafin sunayen yara ne.

Na rubuta wa Malam Abdurra'uf cewa sai baɗi. Saura kai. Ka hau ka gyara rufin nan kafin ruwa ya sauko wa Inna a gado. Ka ba matarka haƙuri da bakinka. Kuma muddin Inna tana raye, kada ta ji abin da ta ƙona. In ta ji, daga wurinka ne, kuma ba ni ba kai.

Jiya na sayi sabon littafi. Na daɗe riƙe da biro a saman shafin farko, raina yana tafasa. Na rubuta Bisimillar dai.

Ka gaida Kubra. Ka ce wa Inna na gode.

Ƙanwarka, wadda har yanzu ba ta huce ba,
Nasiha