Na Ɗora Wa Likita Laifin Mutuwar Babana

Barkanku da warhaka, admin da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni ɗan Vimtim ne, ina gyaran waya a Mubi. Bayan mun dawo daga gudun hijira, ciwon sugan Baba ya tashi, ƙafarsa ta yi gyambo. Na kai shi wurin wani dattijon likita, cikin 'yan kaɗan da suka dawo suka buɗe asibiti. Ya wanke ciwon, ya ba da magani, ya ce min, "Ɗana, ranar Litinin ka dawo da shi, kar ta wuce." Litinin ta zo ina fama da shagona da aka fasa, na ce gobe. Goben nan ta kai sati uku. Ranar da na je ɗaukarsa ƙafar ta yi baƙi. Kwana biyu ya rasu.

A zaman makoki yayata ta ce, "Wai me likitan ya ce maka?" Na ce, "Cewa ya yi ba sai an dawo ba." Ta ce wallahi sai duniya ta ji. Akwai wani zaure a Fesbuk da 'yan gari ke yaba likitoci ko su kushe su, nan na shiga da sunan ƙarya na rubuta cewa sakacinsa ne ya kashe mana uba. Me ya kai ni? Ashe tsoron idon Mama zai sa in yi wannan?

Rubutun ya bazu. Yanzu bencinan asibitinsa wayam. Na ji wata mata daga Kwaja ta ƙi a kai mijinta can, ta ce ta karanta.

Shekaranjiya likitan ya kawo min gyaran wayarsa. Ya gane ni, ya yi min gaisuwar Baba, ya ce, "Na yi ta jiran ku. Na san lokacin kowa kansa ya yi zafi." Sannan ya ce ƙarshen wata zai rufe ya koma Yola, tunda mutane sun daina yarda da shi. Na karɓi wayar, na kasa kwance ta.

Na goge rubutun, amma hoton rubutun da aka ɗauka na yawo a wayoyin mutane. In na fito na faɗi gaskiya, Mama za ta san ni na bar mijinta ya ruɓe a ɗaki. In na yi shiru, garin nan ya rasa likita. Wayar tana nan a shagona, jibi zai zo karɓa.

Jama'a, ni yanzu me zan yi?