An Kira Sunana Sau Uku Ina Zaune a Wurin

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisar Dokoki mai wakiltar mazaɓarmu, a nan cikin garin Bauchi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka.

Ranka ya daɗe, sunana Asma'u, 'yar Ƙofar Dumi ce ni, mahaifina baduku ne. Ina da shekara goma sha ɗaya sanƙarau ya kwantar da ni, na tashi ba na ji. Bakina yana magana, ina karatu da rubutu, amma tun daga lokacin ko ganga aka buga a bayana ba ni da labari. Na rubuto maka a bainar jama'a ne domin sau uku ina zuwa ofishinka na mazaɓa ban same ka ba, kuma abin da ke tafe da ni ba nawa ba ne ni kaɗai.

Na farko, batun tafinta. Da na shiga kwaleji karatun aikin gwaje-gwajen asibiti, akwai wani ɗan kaso da gwamnati ke warewa ɗalibai masu buƙata ta musamman. Daga ciki ake biyan Malama Rifkatu, mai fassara mana darasi da maganar hannu. Mu huɗu ne kurame, kowa da sashensa, ita kaɗai take zagaya mu. Takan fito daga Shadawanka tun da sassafe, ta tsaya gefen allo har hannuwanta su yi tsami. A shekarata ta ƙarshe aka ce kason bai fito a kasafin kuɗi ba. Zango guda ta yi tana zuwa ba albashi. Ranar da za ta tafi ta riƙe hannuna ta ce, "Asma'u, ki yafe mini, ina da 'ya'ya." Ban ga laifinta ba. Daga nan mutum biyu cikinmu suka ajiye karatu. Ɗaya yana noma a Miri yanzu, alhali shi ya fi mu duka kai. Ni kuwa na ƙarasa da kwafar littattafan ƙawaye da kallon leɓen malamai, Allah ya taimake ni na fita da sakamako mai kyau.

Na biyu, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Bayan mun gama, kwaleji ta shirya ranar ɗaukar ma'aikata. Asibitoci da kamfanoni suka turo wakilai domin su tantance waɗanda suka yi fice, sunana yana cikin jerin da aka liƙa. Baba ya ɗinka mini sabuwar jakar fata na zuba takarduna. Na isa zauren kafin a gama jera kujeru, na je wurin mai rajista na rubuta masa cewa ni kurma ce, don Allah idan an zo kaina a taɓa ni. Ya karanta, ya gyaɗa kai. Ashe ba a jima ba aka canza shi da wani, takardar tawa kuma ta bi shi.

Da lasifika ake kiran suna. Ina zaune a layi na biyu, ina ganin mutane suna tashi ɗaya bayan ɗaya suna shiga wani ɗaki. Ko sallar azahar ban fita ba sai da na ga an tafi hutu, don kada a neme ni a rasa. Sau biyu na koma teburin, sabon mai rajistar yana ta fama da jama'a, ya nuna mini kujera da hannu, wato in jira. Na jira. Bayan la'asar aka fara naɗe waya ana kwashe kujeru. Sai ga wata 'yar ajinmu da ta dawo ɗaukar lemarta, ta gan ni ta tsaya cak. Ta rubuta mini a bayan ambulan: "An kira ki sau uku tun da safe. Na ɗauka ba ki zo ba." Na bi wakilin asibitin da ya nemi a kira ni har bakin motarsa. Mutumin kirki ne, ya nuna mini jerin sunayen, a gaban nawa an rubuta ban halarta ba, an kuma riga an cike gurbin.

Da na dawo gida Baba yana bakin rumfarsa yana yankan fata. Ya dubi fuskata, ya dubi jakar. Ya ajiye wuƙar, ranar bai ƙara taɓa aiki ba.

Na uku, zuwana ofishinka. A karo na ƙarshe wani mataimakinka ya karɓi takardata, bai kai rabi ba ya rubuta mini cewa za a sa sunana cikin masu karɓar keken ɗinki. Na gode masa, na san da kyakkyawar niyya ya yi. Amma ranka ya daɗe, ba ɗinki na karanta ba. Na iya ɗibar jini, na iya gane ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a madubin likita, kuma wannan aiki ido yake so, ba kunne ba.

Don haka ga roƙona. Idan kasafin kuɗi ya zo gabanku, ka miƙe a zauren majalisa ka nemi a dawo da kason ɗalibai masu buƙata ta musamman, a rubuta shi da sunansa yadda ba zai sake ɓacewa ba, ku kuma bi sawu ku tabbatar ya isa makarantu. Ka gabatar da ƙudiri cewa duk inda za a tantance masu neman aiki a makarantun jiha, a samar da tafinta, a riƙa rubuta sunan wanda ake kira a allo, a kuma yi zaman a inda mai keken guragu zai iya shiga. Sannan in za ku tattauna batunmu, ku gayyace mu. Muna nan cikin gari, ba mu da wuyar samu.

Akwai wata yarinya kurma da ta samu gurbi a kwalejin bana. Makon jiya ta turo mini saƙo tana tambaya ko ta je ta yi rajista, ko kuwa wahalar banza ce. Har yau ban ba ta amsa ba, domin ba na son in yi mata ƙarya, ba na kuma son in karya mata gwiwa. Abin da za ku yi a zauren nan shi zan faɗa mata.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke nauyin da ke kanka, ya tsare maka jinka da ganinka har ƙarshen rayuwa.

Wassalam.

Asma'u,
Ƙofar Dumi, Bauchi.