Tabarmar da Na Shanya Albasa a Kanta

Zuwa ga maigidana, Baban Nuriyya, inuwar tsamiyata, ruwan randata a tsakar rana, sanyin fadamar Gulma bayan an ɗauke ruwa. Allah ya haskaka makwancinka.

Na san takardar ga ba za ta iske ka ba. Amma wa zan gaya wa in ba kai ba? Yau na je ajin yoga!

Ka tuna da likita ya ce jinina ya hau, bayana kuma ya ƙage don sunkuyon dashen shinkafa? Ka dawo Argungu daga Birnin Kebbi da shuɗiyar tabarmar roba ɗaure a bayan babur, kana murmushi kamar wanda ya kamo giwan ruwa. Ka ce akwai wata Malama Adawiyya a unguwar Gesse, can Birnin Kebbi, da ke koya wa mata zalla yoga, wato miƙe jiki da jan numfashi, kuma kai za ka riƙa kai ni duk Asabar. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce da girmana zan je in yi ta banƙarewa kamar ƙadangare? Washegari na shanya albasa a kanta. Ka gani, ka gyara hularka, ka wuce. Wayyo wannan haƙurin naka!

Ni ce mai ciwo, amma kai aka kira. Allah ya fi mu sani.

Bayan takaba na dawo unguwar Nasarawa a nan Birnin Kebbi, gidan Yaya Zulkifli. Rannan jiri ya kayar da ni a bakin murhu. Nuriyya ta rungume ni tana kuka, wai in na bi ka wa zai rage mata? Shi ya sa na zaro tabarmarka daga ƙarƙashin gado.

Da ka gan ni, hasken idona! Kowa da wando, ni da zane. Aka ce a tsaya da ƙafa ɗaya kamar balbela, na tafi luu na faɗa kan wata Hajiya. Muka yi dariya, karon farko tun rasuwarka. Sai Malama ta ce mu durƙusa, mu sa goshi a ƙasa, mu ja numfashi a hankali. Na ja. Warin albasar nan yana nan daram. Hawaye suka ɓalle mini. Hajiyar ta ce, wannan albasa taki da ƙarfi take. Na bar ta a haka.

Ba ajin kaɗai na ƙi ba ashe. Asabar nawa na zubar, ina bayanka a kan babur, ina riƙe da rigarka, gonakin shinkafa suna wuce mu? Wace kasuwa ake sayar da su in sayo?

Na yi maka alkawari zan koma kowace Asabar, ko bayana na ciwo, har in ga Nuriyya ta tsaya da kanta. Tabarmar kuwa ba zan wanke ta ba.

Taka ce ni a nan, taka a inda za mu haɗu in Allah ya yarda,
Maimuna