Jirgin Baba Mai Fito

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a nemanka. Mu nan kowa lafiya. Inna ƙafar ce dai takan motsa mata in an yi ruwa, amma tana zagaya tsakar gida da sandarta tana yi wa kowa faɗa, ka ga da sauƙi ke nan. Auta ta fara haƙori, ta hana uwarta sakat.

Saƙonka ya iso hannuna, Allah ya saka da alheri. Na haɗa da abin da na tara, na shiga neman jirgi kamar yadda muka yi da kai, don na gaji da yin fito da jirgin haya. To Yaya, jirgi dai na saya, amma tun da nake ban taɓa shiga cinikin da ya juya mini kai kamar wannan ba, shi ya sa na ce bari in zayyana maka komai.

Dogo dillali, ƙanin uwar yara, shi ya kai ni ga jirgin Baba Mai Fito, aminin marigayi mahaifinmu. Ka san jirgin, shuɗin nan mai ɗaukar mutum ashirin da kayansu. Dogo ya yi ta zuba yabo, wai katakon ya fi ƙarfe, wai injin ko tari bai taɓa yi ba. Na san la'ada yake hange, sai na raba maganarsa biyu na zubar da rabi. Na ɗauko kafinta ya duba mini. Ya ƙwanƙwasa nan, ya soka ƙusa can, ya girgiza kai ya ce ƙasan ya ruɓe, damina ɗaya ba zai ƙara ba, gara in bari ya haɗa mini sabo. Har na fara gode masa, sai mai shayin bakin ruwa ya raɗa mini cewa kafintan nan da kansa ya taya jirgin a watan jiya, zai saya wa surukinsa. Bakanike kuma ya ce inji lafiya lau, farfelar da ke tura jirgin ce kawai ta gaji, kuma cikin ikon Allah akwai irinta guda ɗaya a shagonsa.

Da na ga kowa da inda ya dosa, sai na ce bari in je wurin mai abu. Na sami Baba a zaure, muka gaisa, ya yi wa mahaifinmu addu'a. Ina jiran ya yabi kayansa kamar kowane mai sayarwa, sai kawai ya hau kushe jirgin. Ya ce yana yoyo ta ƙarƙashin kujera ta uku, ya ce injin yakan mutu a tsakiyar ruwa in ya yi zafi, ya ce jirgin yana karkata hagu, kuma da a ce ni ɗan cikinsa ne, da ba zai bari in saya ba. Yana cikin haka babbar 'yarsa, malamar asibitin nan, ta leƙo ta ce kada in saurare shi, jirgi garau yake. Na zauna baki buɗe, ga uba yana ɓata kaya, ga 'ya tana gyarawa, na rasa wa zan kalla.

Da na fito ta biyo ni ƙofar gida ta faɗa mini gaskiyar abin. Ashe idon Baba ya yi yana, ba ya gani sai dishi-dishi. Kwanan baya ya daki wani jirgi a gaɓa, Allah ya tsare ba wanda ya faɗa ruwa. Shi ne 'ya'yansa suka taru suka ce dole a sayar, shi kuma ya amsa da baki, zuciyarsa ba ta amsa ba. Duk wanda ya zo taya sai ya kore shi da labarin yoyo. Ta ce za su yi mini ragi mai yawa, ita dai buƙatarta a raba mahaifinta da ruwa. Na yi mata alkawarin haka. Na je na gwada jirgin da kaina. Yoyon gaskiya ne, amma kaɗan, kwalta ta toshe shi. Ruɓewar da kafinta ya gani ni ban gan ta ba, inji kuma har yau bai mutu mini ba. Aka yi ciniki gaban shaidu, Baba ya sa hannu.

Na ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu ta fara. Ranar da na fara aiki, ina isa bakin ruwa da safe na tarar da Baba zaune a bayan jirgi, riƙe da tsohon gwangwaninsa na kwashe ruwa. Na durƙusa na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, a ƙarshe na tuna masa a hankali cewa an sayar. Ya ce, "Ɗana, jirgi na sayar maka, ban sayar maka da wurin zamana ba." Yaya, ka gaya mini, da wane baki zan ce masa ya sauka? Haka muka tafi. Abin da ya ƙara ɗaure mini kai, muna tsakiyar kogi ya ce in yi dama maza, akwai tudun yashi a gaba. Ni mai ido ban gani ba, shi a ƙarar ruwan ya ji. Mutane kuma da suka hango shi a ciki sai suka yi ta shigowa, har tsofaffin matan da ba sa yarda da tuƙin kowa.

Kwana huɗu muna haka 'yarsa ta zo gida ranta a ɓace, ta ce na ci amanarta, ba don wannan suka yi mini ragi ba. Ban ga laifinta ba. Inna ta ce in na kori aminin ubana kada in ƙara shigo mata ɗaki. Uwar yara ta ce in tsoho ya zame ya faɗa ruwa, wuyan wa za a kama? Ita ma gaskiyarta. Dogo kuwa ya ce abu mai sauƙi, in sayar, yana da mai saye a ƙetare. Shi dai ko yaya aka juya, la'adarsa tana nan.

Jiya na yanke shawarar cika wa 'yar Baba alkawarin. Na yi sammako, na loda mutane, na tayar da inji kafin ya iso. Mun ɗan yi nisa na waiwaya, sai na hango shi tsaye a gaɓa da gwangwaninsa, yana ɗaga hannu, amma ba wajenmu yake kallo ba, ya fuskanci inda jirgin ya saba tsayawa. Ban san lokacin da na juya kan jirgin ba. Mutane suka yi ta gunaguni, masu sauri suna tsaki. Na kama hannunsa na shigar da shi, ya zauna, ya ce mini yau na makara. Har yanzu ban san ko daidai na yi ba, kuma ban san abin da zan gaya wa 'yarsa ba. Kai ne babba, kuma da guminka a jirgin nan. Don Allah ka yi tunani ka aiko mini da amsa da wuri, abin da ka ce shi zan yi.

Ka gaishe mini da Antinmu da yara, musamman mai sunan Inna, ka ce ina nan ina jiran ta zo in ƙetare da ita kyauta. Ka gaida Kawu in kun haɗu. Inna da Gwaggo da uwar yara duk suna gaishe ka. Baba ma da ya ji zan rubuto maka ya ce in gaishe ka, wai in gaya maka ƙaninka bai iya tuƙi ba tukuna.

Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
Ƙaninka