A Ɗaga Buhun Saƙata Kafin a Yanka Masa Kuɗi

Zuwa ga Alhaji Shugaban direbobin tasharmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, tare da fatan kai da iyali da duk masu riƙe sitiyari kuna cikin ƙoshin lafiya.

Sunana Hajara, a Kurfi nake zaune, amma a tasha an fi sanina da Inna mai buhu. Sana'ata saƙar kayan sanyin jarirai: riga da hula da safa, su ne saiti guda. Idan na tara saiti goma sai in kai wa Hajiya Talatu, mai shago a Dutsin-Ma, in sayo zaren ulu in dawo. Ƙorafi na kawo, amma da fara'ata na kawo shi, don abin alheri ne ya same ni, yana neman ya fi ƙarfina.

Na farko, ranka ya daɗe, 'yan kamashonku da ido suke auna kaya. Buhu in ya cika ya yi tumbi, to kuɗinsa dubu ɗaya, ko mene ne a ciki. Na san inda abin ya samo asali: tasharmu ta hatsi ce, kuma buhun masara ba ya ƙarya, girmansa shi ne nauyinsa. Amma ulu ba masara ba ne. Kwanaki Malam Sani ɗan kamasho ya ga buhuna, ya naɗe hannun riga, ya gyara tsayuwa, ya yi bisimilla, ya fizgo shi da ƙarfin da ake fizgar buhun wake. Sai ga dattijo zaune a ƙasa, buhu rungume a ƙirji. Da ya gama kakkaɓe riga ya ce, "Inna, mi kika ɗura ciki, iska?" Tasha ta kwashe da dariya, ni har da hawaye. Bayan an gama dariyar kuma ya karɓi dubu ɗayarsa cif.

Na biyu, ga lissafin, kuma ni da saiti nake yin sa, don shi hannuna ya sani. Ribar saiti guda naira ɗari biyar ce, goma kuwa dubu biyar. Kuɗin motata zuwa da dawowa dubu ɗaya da ɗari huɗu. Buhu zai biya dubu a tafiya, ya kuma biya dubu a dawowa, don zaren da na sayo ma haka yake kumbura. Ka ga cikin saiti goma kusan bakwai hanya na saƙa wa, uku ne nawa. Kuɗin kujerata ban yi ƙorafinsa ba, na san halin da mai yake ciki, kuma ni ba ƙaramar mace ba ce, ina cin wurina har in ɗan taɓa na maƙwabci. Abin da ke ci mini rai shi ne buhun da bai kai nauyin kaza biyu ba ya fi ni tsada. Rannan wani bawan Allah ya hau a Birchi da rabin buhun wake, motar har ta durƙusa, ya biya rabin abin da na biya.

Kada ka ce ban yi dabara ba. Na taɓa zama a kan buhun don ya motse, rigunan suka isa a yamutse kamar an kwana a kansu, Hajiya ta ce ita ba ta sayen kwance. Na ɗora shi a cinya, direba ya ce na tare masa madubi.

Yanzu ga alherin. Hajiya Talatu ta ce masu jego suna neman saƙata da suna, tana son saiti ashirin a kowace tafiya kafin sanyi ya shigo. Wallahi ranar na dawo gida ina murmushi ni kaɗai a mota. Hannu biyu ba za su iya ba, shi ya sa na yi wa maƙwabtana uku magana, Rabi da Larai da Maman Usaina. Na koya musu, sun iya, har Larai ta fi ni gyaran bakin hula. Sai dai saiti ashirin buhu biyu ne, kuɗin kaya ya ninka ke nan, abin da zai rage kuwa ba zai rabu huɗu ba. Har yau ban ba Hajiya amsa ba.

Roƙona bai da yawa. A sa 'yan kamasho su riƙa ɗaga kaya kafin su yanka masa kuɗi. Abin da hannu ɗaya ya ɗauka ba tare da nishi ba, a yi masa kuɗin jaka, ko ɗari uku ce zan biya da godiya. Wuri kuwa ba zan tsare muku ba, ulu ko a saman kayan kowa aka ɗaure shi zai je lafiya. In kana shakka, zan kawo maka buhun har bencinka ka gwada da kanka, amma ka ɗaga a hankali.

Ranka ya daɗe, matan nan uku kowace ta riga ta sayi kwarashinta na saƙa da kuɗin da ta yi tsimi ta tara. Kullum in na wuce sai Rabi ta leƙo ta tambaye ni ko an ce a fara. Ina so in na shiga zaurenta wannan karon in ce mata ta ɗauko zare.

Allah ya tsare motocinku, ya kai kowa gida lafiya, ya sa ka gama shugabanci da mutuncinka.

Wassalam.

Hajara mai saƙa, Kurfi.