Na Jera Uku, Ban Ci Komai Ba

Zuwa ga taubashina Alhaji Maitama,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya a Ibadan, kai da maiɗakinka Hajiya Kubura da ɗanmu Ammar. Mu nan Kaura lafiya lau, sai gwiwa da ba ta rasa abin faɗa da safe. Gero ya yi kyau a gonar Banga, dawa ce ruwa ya ɗan yaudara. Allah ya ƙara mana lafiya, ya kawo kwanciyar hankalin da zai maido kowa gidansa.

Tun bara wata magana ta iso ni, wai Maitama na Shinkafi, wanda ba abin da ke tashinsa daga gindin dara sai kiran salla, ya bar dara ya koma wasan Turawa da ake kira ces, a cikin waya. Muttaka direba ne ya fara kawo ta, kuma ka san Muttaka, in ya ce maka ga hadari nan, fito da hatsinka ka shanya. Dariya kawai na yi. Daga baya wani mai kai shanu kudu ya ce ya shiga gidan Ammar, siminti ne har tsakar gida, babu inda mutum zai tona gurbi ko ɗaya. Wannan kam ta tsaya mini a rai, don tun da ka tafi ni ma ban sami wanda zan zauna da shi ba. Yaran yanzu in ka cinye su fushi suke yi, ba su iya rama zagi ba.

Sai na ce tunda hanya ta hana ka zuwa, bari in bi ka cikin wayar. Malam Sagir, tsohon hedimastan unguwarmu, yana da allon wasan, shi ke koya mini bayan la'asar. Farkon wasa na haddace shi. Tsakiya ce ke kashe ni. Ran farko na lallaɓa na jera sojoji uku reras, na miƙa hannu zan ɗauke dokinsa, sai ya riƙe mini hannu ya ce a nan jera uku ba ci ba ne. Kafin in gama mamaki ya kwashe biyu. Wata rana kuma na ba da sarauniya don in ci soja guda, ina murna, saboda mu a dara kara kara ne, babu babba babu ƙarami. Malam ya yi dariya har tabarau ya faɗi.

Tunda na san kai ma hannun dara gare ka, ga abin da ya ce mini, ko ya rage maka kunya. Ya ce saurin da muke taƙama da shi, mu buga ɗa a gurbi har ƙura ta tashi, shi ne ke ba da mu. Kafin ka taɓa komai, duba abin da abokin wasa ya motsa yanzu, ka tambayi kanka me yake nema. Sannan ka bi naka ɗaya ɗaya, ka ga wane ne ke tsaye babu mai tsaronsa. In ka rasa abin yi, kada ka tura soja don kawai hannu na ƙaiƙayi; nemo wanda ke zaune a lungu ba ya aikin komai, ka fito da shi. Ni yanzu zama nake bisa tafin hannuna har in gama tunani. Ana yi mini dariya, amma jiya sarauniyata ta kai magariba da ranta.

Abin da nake roƙo, ka sa Ammar ya haɗa wayarka da ta Malam Sagir mu riƙa bugawa. Idona na dama ya fara yin hazo, likita ya ce yanar ido ce, ban san iya lokacin da zan riƙa bambance doki da soja ba. Ba na son ya rufe ban sake cinye ka ba, ko a wasan aro ne.

Larai na gaishe ku, haka Mahmuda da Hannatu. Ka shafa mini kan jikoki.

Kada ka ce za ka musa, malalaci. Maganar ta sake zuwa makon jiya, har da ƙari: wai in wayar ta cinye ka, sai ka daka mata tsawa da sunana, ka ce sake jerawa Ɗanasabe, ai sata ka yi. Wannan karon ban yi dariya ba, don ba Muttaka ne ya faɗa ba. Kubura ce da bakinta.

Naka har kullum,
Ɗanasabe