Hula Ɗaya Tsakanina da Auta

Auta,

Gaisuwa mai yawa, ya nauyin jiki, ya maigidan naki. Na ga saƙonki wai likita ya ce ranar Alhamis za a yi miki aiki a ciro yaron. Yau fa Talata. Babanki Allah ya jiƙansa shekara ashirin yana jan babbar mota a hanyar nan, kwana uku yake yi, in taya ta fashe huɗu. Shi kuma jirgin saman da kike ta faɗa, ni da ko tsani ba na hawa. Maƙwabciyata Maman 'yan biyu ta ce masu hawan jini irina a sama suke suma. Ki yi haƙuri zan bi mota, in iso Juma'a.

Allah ya raba lafiya,
Mamanki

*

Mama,

Ina wuni, ya ƙafar taki. Kilomita dubu ɗaya da ɗari bakwai ne, jirgi yana cinye su a awa biyu da minti ashirin. Hular jariri awa biyu da rabi take ɗaukarki, a gabana kike saƙa ta. Ki sha maganinki, ki ɗauko ulu da kwarashin roba, ki sunkuyar da kai kawai. Na tambayi likita, ya ce ba komai ki hau. Tikitin na gobe ne ƙarfe goma.

Mama, tsoro nake ji. Ina so in ganki kafin a shiga da ni.

Ki gaida gida,
Auta

*

Maman 'yan biyu,

Sallama, ya yara, kin ba kajina ruwa? To ban suma ba. A ƙofar filin jirgi suka karɓe min almakashi wai makami ne, na ce ku riƙe ina da haƙori. Da jirgin ya ɗaga na damƙe hannun wani mai kwat ban san shi ba. Sai na tuna yarinyar nan ta ce jirgi zai riga ni da minti goma. Ni? Na fara saƙa. Aka kawo shayi na ce ba yanzu ba. Mai kwat ya koma duba min agogo, yana cewa Mama saura arba'in, Mama saura sha biyar. Taya ba ta taɓa ƙasa ba sai da na ciji zaren. Har tafi ya yi min. Hanyar da ta cinye bayan maigidana, ko leƙa ta ban yi ba, kuma wai a gefen taga nake.

Auta na ganina ta fashe da kuka da wannan uban ciki, na ce rufe min baki ga hula.

Sai na sake rubutowa,
Maman Auta

*

Maman 'yan biyu,

Sallama. Har bakin ɗakin aikin na raka ta, hannuna cikin nata. Mace ce, duk suna lafiya. Hular ta yi mata kaɗan, kan babanta ta ɗauko. A jirgin dawowa zan saƙa babba.

Ki gaida kowa,
Kakar yarinya